Gimbiya Ta Yi Cara

Baban Tuli,

Na bar ka kana minshari, kar kwale-kwalen safe ya tafi ya bar ni. Albishirinka: Gimbiyarka, farar budurwar kazar nan da kake ta daka wa ɓawon katantanwa don ta fara ƙwai, ɗazu ta hau kan murhu ta yi cara. Zakara aka sayar maka, gwanin kaji.

Sauran kuwa da ka bari da ragowar shinkafa, ƙwansu laushi kamar ruɓaɓɓen tumatir. Don Allah ka juye musu dakan nan, ka haɗa da dusa da busasshen kifi.

Kwantar da hankalinka, ba zan gaya wa yayana ba, balle ya yi maka dariya. Ranar Juma'a in ya zo zai haɗu da Gimbiya a cikin miya.

Mahfuza