Jinin 'Yata Yana Ingila, Ba a Binne Ba

Malam mai ba da shawara, Allah ya ƙara basira. Don Allah ka taimake ni kafin Juma'a. Ka yi haƙuri da rubutuna, da furfura na shiga ajin Yaƙi da Jahilci, hannu bai gama faɗawa ba.

Ina da 'ya, Barira, tun tana goye take fama da amosanin jini. Da damina ta kankama, ruwa ya cika fadama, sai ƙasusuwanta su ɗauki ciwo, ta yi ta murƙususu, ido ya koma ruwan ɗorawa. Bara wani likita Bature ya zo asibitinmu ya ɗebi jininta a 'yar kwalba. Na zauna a bakin ƙofa ina jiran ya gama dubawa ya miƙo mini in binne, yadda wanzami ke yi. Mu nan ko farce aka yanke sai an tona an rufe, balle jini. Ashe kwalbar ta hau jirgin ƙasa a tashar Malam Maduri. Yanzu tana Ingila.

Malam Isa, ma'aikacin asibitin, ɗan ƙawata ne, shi ya yi mini bayani. Ya ce abin da ke sa jini ya yi ja kamar jigida yake, tsakiya bayan tsakiya a zare ɗaya. A can suka samo wani ruwa daga cikin dabba suka zuba, ya yayyanka jigidar gunduwa-gunduwa, suka shimfiɗa a takarda suka sakar mata lantarki, sai ɗigo-ɗigo ya fito kamar jikin zabuwa. Da aka gwada da na mai lafiya, duka iri ɗaya ne in ban da gunduwa guda, a cikinta ma tsakiya ɗaya tak ce ta saɓa. Wai ita ke tanƙwara ƙwayoyin jini kamar laujen yankan shinkafa, su maƙale a jijiya. Yana faɗa yana murna, kamar an yi masa haihuwa.

Ni kuwa tun ranar abinci ba ya mini daɗi. Wace dabba ce, an yanka ta ko mushe ce? Ranar tashin ƙiyama wa zai harhaɗa gunduwoyin nan daga kan takarda? Maƙwabciyata ta ce tunda wani ɓangare na yarinyar yana kan tafiya, ƙila ma sallar ƙasaru ya kamata ta riƙa yi. Kuma na lura bana ciwon ya fi tsanani, ga shi an ce ƙasar Ingila sanyi gare ta, kwalba kuma ba riga. Na yanki gefen gwadona na ɗinka mata 'yar jaka, na ba Malam Isa ya aika. Ya karɓa da hannu biyu, amma jiya na gan ta a teburinsa ya zuba alli a ciki.

Yanzu Baturen ya dawo, wai jinina da na maigida yake so, don a ga ta inda tsakiyar ta biyo. Maigida masunci ne, da jin haka ya ɗauki goransa na su ya shige kogi, ya aiko cewa a danginsu ba a taɓa yin jigida ba, a bincika nawa. Na hana Barira komawa asibiti. Ya'u wanzami ya ce tunda tsakiya ɗaya ce, zai kafa mata ƙaho a baya ya zuƙo ta, ya kuma ba ni jinin in binne da hannuna. Mun tsayar da Juma'a. Amma yarinyar tafin hannunta ya yi fari, shi ne zuciyata ta ƙi kwanciya. In kai ta?

Uwa mai fargaba, Haɗeja.

AMSA

Baiwar Allah, rubutunki ya karantu sarai. Kada ki kai ta. Tsakiyar nan ba guda ɗaya ce mai yawo a jiki ba, da ƙaho zai yi mata kwanton ɓauna. Tana cikin kowane ɗigon jininta, sabon da jikinta zai ƙera ma da ita zai zo. Farin tafin hannu alama ce jinin ya yi ƙaranci, ƙaho kuwa ragewa yake yi. Ki ba Ya'u goro ki ce an fasa.

Kina da gaskiyarki. Bai kamata a ɗebi jinin 'yar mutane a tura wata ƙasa ba a gaya wa uwarta ba. Kafin ki miƙa hannunki, ki sa Malam Isa ya tambayar miki ina za a kai, me za a yi da saura, ko za a iya binnewa. In amsar ba ta gamshe ki ba ki ce a'a, wannan ba zai hana a duba Barira ba.

Amma jinin da ya fita ya rabu da mai shi. Sauron fadamarku ya kwashi ninkin abin da ke kwalbar, ban ji an bi shi da fartanya ba. Wanda zai tada ƙasusuwan da suka ruɓe, takarda ba za ta gagare shi ba. Ruwan dabbar ba Barira ce ta sha ba, sallarta kuma ta cika raka'a huɗu.

A aika wa maigida ya fito. Masana sun ce sai uwa da uba kowa ya kawo tasa tsakiyar sannan ciwon ke bayyana, don haka babu mai laifi, babu kuma wanda zai tsira da ɓuya a ruwa.

Ba zan ruɗe ki ba, gano tsakiyar bai zama magani ba tukuna, sai dai ba a gyara abin da ba a san inda ya karkace ba. Kafin nan, ki hana ta shiga ruwan fadama, ki lulluɓe ta, ta yawaita shan ruwa, ta kwana a gidan sauro. Gobe da safe ki kama hannunta ku tafi asibiti, ki nuna musu tafin nan, kada ki jira Juma'a.

Allah ya ba Barira sauƙi, ya sanyaya miki zuciya.