Zanen Kanya da Ya Yi Baƙi

Zuwa ga Chun-ja, uwar Mi-ran, inuwata a tsakiyar rani, ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin baƙin dutsen tsibirinmu na Jeju,

Kin yi jika. Mi-ran ta sauka lafiya, 'ya mace, goshinta naki ne sak. Na yi dariya a asibiti har aka ce in fita, na fita na zauna gindin bango ina kuka, don babu wanda zan juya in nuna wa.

Shekara uku ke nan da kika shiga gidan shiru na mata masu addu'a a gindin dutsen Halla. Kin ce Almasihu yana kiranki cikin iskar da ke ratsa itatuwa. Ni na saurara, iska kawai na ji, amma na dangwala yatsa a takardar yarda da tafiyarki. Wa ke gardama da wanda ya halicci iska? Saboda ke na shiga ajin yamma da furfurata, in koyi zana sunanki.

Kin tuna rinin ɗanyar kanya? Ki daka ta a akushi, ki jiƙa zane da ruwanta, ki shimfiɗa kan ciyawa, kullum kina yayyafa ruwa kina addu'a cikin zuci har rana ta mai da shi ja. Kikan ce rana ke rinin, ke baranyarta ce. In na matso, ki kore ni: "Kauce, sarkin gaggawa, inuwarka na ɓata min aiki."

Farin zanen da kika ajiye domin jikan fari, na ɗauko zan rina. Akushinki ya bi ki dutse, sai na daka kanyar a tukunyar ƙarfe. Ashe ruwan kanya ba ya shiri da ƙarfe! Zanen ya yi baƙi dabbare-dabbare, kamar sama gab da hadari. Shekara arba'in ina kallon fuskarki, ban taɓa kallon akushin ba.

Ranar Lahadi za a yi wa yarinyar baftisma, cikin zanen nan zan riƙe ta. Na san ba ku buɗe wasiƙa sai Kirsimeti, lokacin kanya ta daɗe da zuba. Duk da haka zan bar miki wuri a bencinmu na uku a coci. Ban ce ki karya shirunki ba, hasken idona. Zo ki yi shirun a gefena.

Naki, har a shimfiɗe ni ƙarƙashin ciyawar da kike shanya,
Deok-man