Motar Kakanka Ta Ƙi Tashi

Angona Sadiƙu,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya sanyin Birmingham? Ya mamanka da ƙannenka? Mu a Levenshulme muna nan dai.

Zancen motar kakanka ne. Tun rasuwarsa, kullum da safe nakan fita in tayar da ita, yadda yake yi lokacin sanyi don kada batir ya mutu. Ban iya tuƙi ba. Kujerata ta gefe nake zama, in miƙa hannu in murɗa mukulli, in bar ta tana gurnani.

Jiya na murɗa, ta yi shiru. Na zauna a ciki har yatsuna suka ƙage. Ko kuka bai zo mini ba. Maƙwabcinmu ya ce tayarwa kaɗai ba ta isa, sai ana yawo da ita.

Babanka ya ce a sayar, wai tunda council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe wurin shan shayin tsofaffi, ina za ni? To, kai ne mijin da ya rage mini, duk da ragwancinka. Ka zo Asabar da wayoyin tayar da batir, ka fita da ni, kafin ya kira mai saye.

Ka sa kakanka a addu'a. Gai da kowa, ban da babanka.

Amaryarka,
Hajiya Yalwa