Yadda Mai Taya Ya Tare a Ɗakin Baba

Daga ofishin Babban Sufeton Kwamfutoci na Ƙasa da Kewaye, zuwa ga ma'aikacin da ya bar kwamfutarsa a gida ya tafi neman abinci.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta manya, muna fatan kana lafiya, aiki yana tafiya daidai. Allah ya ƙara maka lafiya, ya haɗa ka da shugabanni masu sauƙin kai irinmu. Jami'anmu sun zagaya gidanku sun samu kowa ƙalau. Mahaifiyarka tana nan da ƙarfinta, sai ƙafar nan da take taɓa ta idan ta daɗe a tsaye. Kawunka direba ya sake ɗaure madubin motarsa da waya, yana cewa haka ya fi na kamfani ƙwari.

Dalilin wannan takarda shi ne kwamfutar da ke kan teburin falo. Ka tuna shafin da ka haɗa a cikinta mai hotunan marigayi Baba da muryarsa yana sallama yana tambayar mutanen gida, da alamar da ka ajiye wa Mama a kan allo, wadda take dannawa kullum bayan ta karya. To ƙanwarka, wadda yanzu sai an ce mata Injiniya take waiwayowa, ta fara samun masu son ta yi musu shafi: mai taya na bakin titi, da mai kemis. Ta ce kafin ta kai aikin kowa intanet sai ta gwada shi a gida, kuma abin nan da kuke kira saba, wato manhajar da ke fito da shafi idan an nema, yana iya riƙe shafuka da yawa a kwamfuta ɗaya. Yadda ta yi bayani, gida ne mai ɗakuna da maigadi a ƙofa. Kowane shafi da ɗakinsa da sunansa, ka faɗi suna, maigadi ya kai ka.

Ta yi wa mai taya ɗaki, abu ya yi kyau. Washegari Mama ta danna alamarta, sai ga tayoyi jere da lambar waya. Ta sake dannawa, tayoyi. Wani yaro mara kunya a gidan ya ce mata ai Baba ne ya kama sana'a a can. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba, wanda da ta yi da ya fi sauƙi. Ta tashi ta shiga ɗaki. Da rana ta tambaya a hankali ko muryar ta goge ke nan, don ba ta da wata a ko'ina.

Injiniya ta duba ta ga hotunan da muryar suna nan a ma'ajiyarsu cikin kwamfutar, hanyar zuwa ce ta toshe. Ashe da zarar an fara yanka ɗakuna, duk wanda ya zo da sunan da ba shi da ɗaki, maigadi ɗakin farko yake tura shi, kuma mai taya ne a farko. Shafin Baba ba a taɓa yi masa ɗaki ba, don da gidan duka nasa ne. Sai ta rubuta masa nasa, ta ɗora shi a sama da kowa. Aka danna, tayoyi dai. Har idonta ya kawo ruwa, sannan ta tuna maigadin ba ya jin sabon umarni sai an kashe shi an tayar. Tana tayarwa aka kira Mama, ta danna da hannunta, Baba ya yi sallama. Ta amsa masa, ta ce a miƙo mata abincin da ta ture.

Jiya mai kemis ya zo ganin nasa. An sanar da kwamfuta sunansa amma ba a gama ɗakinsa ba, sai ya faɗa wurin Baba, har ya gyara zama ya amsa sallama. Injiniya ta ce za ta gyara, Mama ta ce a bar shi haka, dama duk baƙon da ya rasa masauki wurin Baba ake kai shi.

Yanzu ga hukuncin ofis. Mama ta sa an yanka maka ɗaki, Injiniya ta ajiye alamarsa kusa da ta Baba. Babu komai ciki sai sunanka a farin allo, kuma tana dannawa kullum. Ka turo hoto da murya, ko ta minti ɗaya ce.

Kawu direba yana gaishe ka, da Gwaggo, da Injiniya, da mai taya da bai san ya yi laifi ba. Ka gaida abokin ɗakinka mai minshari.

Na san tun daga layin farko ka gane rubutun, don sufeto ba ya rubutu a karkace kamar mai wanke allo. Ni ne yaron nan mara kunya. Yaya, ka turo muryar.

Ƙanenka,
Sarkin Tsokana