Lissafin Husufi Ba Duba Ba Ne, A Buɗe Mana Ɗakin Kwamfuta

Zuwa ga Mai Girma Alhaji, shugaban ƙungiyarmu ta ci gaban gari, a Rano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da sauran dattawan kwamiti. Yaya fama da jama'a? Allah Ya ƙara maka haƙuri da mu.

Ranka ya daɗe, ni ne Habibu mai gyaran rediyo, mutumin Rurum Sabon Gari, wanda rumfarsa take bakin tasha. Na zaɓi in rubuto maka a fili ne don dalili biyu. Sau uku ina zuwa ƙofar gidanka ana ce mini ka fita. Sannan maganar da aka yi a kaina, ba a ɗaki aka yi ta ba, a majalisa da bakin kasuwa aka yi ta. Don haka nake so amsata ma ta shiga kunnen kowa. Ba rashin kunya na zo yi ba. Kai ubana ne, kuma har gobe da hannu biyu zan gaishe ka.

Na ɗaya: yadda muka faro.

Ka tuna ranar da wani ɗan garin nan da yake aiki a Kano ya aiko wa ƙungiya tsofaffin kwamfutoci uku da firinta ɗaya. Wata biyu suna cikin kwali a ofis, ana ɗora musu tabarmi. Ni na zo na roƙe ka, kai kuma da bakinka ka ce, "Habibu, in za ka iya tashinsu, ga ɗaki nan." Wallahi ranar ko abincin kirki ban ci ba don murna. Shekara goma sha wani abu ina buɗe cikin rediyo, amma ban taɓa ganin abin da ya burge ni kamar cikin kwamfuta ba. Gari ne guda, da tituna da unguwanni, kowane ɗan ƙarfe da aikinsa. Biyu suka tashi a makon farko. Ta ukun ta ba ni wahala, sai da na yi ta zuwa Kano ina durƙusa wa masu gyara suna nuna mini. Ranar da ta kawo haske ta yi ƙarar nan tata, sai da na fito ƙofa na yi kabbara, har masu wucewa suka tsaya suna tambaya ko haihuwa aka yi mini.

Na biyu: abin da ɗakin nan ya yi wa mutane.

Ban taɓa neman lada wurin kowa ba, ka sani. Duk ranar da aka samu wuta ko aka ara mana janareto, muna zama ina koya wa mutane kwamfuta daga la'asar zuwa magariba. Maza ranarsu daban, mata ranarsu daban, kamar yadda kwamiti ya tsara, ban taɓa saɓawa ba.

Bari in ba ka misali da mutum ɗaya, Malama Rabi, malamar firamare da take zuwa tun daga Unguwar Gai a ƙasar Kibiya. Ranar farko ta ƙi taɓa madannai, wai kada ta danna wani abu na'urar ta ƙone. Na ce mata ta rubuta sunanta kawai. Ta yi ta neman baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda. Da sunan ya fito a allon kwamfutar, sai ta kama baki ta ce, "Malam Habibu, yanzu ni ce na yi wannan?" Kafin wata uku, da kanta take buga wa ɗalibanta tambayoyin jarrabawa, babu sauran tsayuwa a gaban allo tana kwafa da alli har hannu ya sage. Irinta suna da yawa: akwai direba, akwai tela, akwai mai unguwa guda da ya zo kallo ya ƙare da zama ɗalibi.

Ni abin da nake gani, Ranka ya daɗe, kwamfuta ba ta san ɗan birni ko ɗan ƙauye ba. Ba ta tambayar wane ne ubanka. In ka danna daidai ta ba ka daidai, in ka yi kuskure ta nuna maka ba tare da ta yi maka dariya ba. A zamanin nan da ake cewa mulki ya dawo hannun jama'a, ina ganin wannan ma wani irin 'yanci ne: talaka ya iya rubuta takardarsa da kansa, ya karanta abu da idonsa, ba sai an ce masa an ce ba.

Na uku: maganar husufi, wadda ita ce ta jawo mini.

Ɗakinmu babu intanet. Don haka duk Asabar nakan shiga mota in tafi Kano, in zauna a kafe, wato shagon intanet, in kwaso abin da zai amfani aji a faifai. Wata Asabar na ci karo da taswira da take nuna cewa za a yi husufin rana, inuwar wata za ta ratsa ta ƙasarmu, ga rana ga lokaci, ranar Laraba da hantsi. Na kasa zama a kujera. Ka yi tunani, Alhaji: mutane sun zauna sun bi tafiyar rana da ta wata da lissafi, har suka gane ranar da ɗaya zai gitta ta gaban ɗaya! A mota ina dawowa na dami wanda yake kusa da ni da bayani, har ya yi barcin ƙarya don in ƙyale shi.

Da na zo aji na nuna musu. Na ɗauko lemo da goruba da tocila, na ce tocila ce rana, goruba wata, lemo duniya, na nuna yadda inuwa take faɗowa. Na gargaɗe su cewa kallon rana kai tsaye a wannan lokaci yana ƙona ido, ko da ta dushe. Na shirya takardar gargaɗi da manyan baƙaƙe, boko da ajami, da niyyar in buga da yawa a raba a masallatai da kasuwanni da rugage, tun daga nan har Fammar.

Ban kai ga bugawa ba. Kwana biyu da yin wannan darasi na zo na tarar da sabon kwaɗo a ƙofa. Mai gadi ya ce umarninka ne. Daga baya na ji cewa wasu sun zo sun faɗa maka wai Habibu ya fara duba da kwamfuta, yana da'awar sanin gaibu, yana tsorata mutane cewa rana za ta mutu. Ba a kira ni ba. Ba a tambayi ko ɗalibi ɗaya ba.

Na fahimci tsoronka. Kai shugaba ne, ba ka son fitina ta tashi daga ɗakin ƙungiya. Amma ka san nauyin kalmar boka a wannan lokaci da muke ciki na Shari'a. Mutanen da suka saba kawo mini gyara suka koma wucewa ta bayan rumfa. Mahaifiyata, tsohuwa, ta je gidan suna a Rurum mata suka janye jiki daga tabarmar da ta zauna. Da na je gaishe ta, kuka ta sa mini, tana cewa, "Habibu, da me na rage ka da za ka shiga wannan hanya?" Wannan ne abin da ya fi ƙona mini rai a cikin lamarin gaba ɗaya.

Na huɗu: ranar Laraba.

Kafin ranar ma gidajen rediyo sun fara sanarwa, amma kwaɗo bai motsa ba. Da hantsi ya yi, na tsaya gaban rumfata da gilashin da na aro wurin mai walda. Alhaji, ban san inda kake a lokacin ba, amma ni abin da na gani ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah. Aka fara gutsurar rana ta gefe, kamar an ciji waina. Haske ya canja launi, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, tsuntsaye suka yi tsit. A ƙarƙashin darbejiyar tasha, hasken da yake ratsowa ta ganye duk ya koma siffar jinjirin wata, ɗaruruwa a ƙasa. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na ce tsarki ya tabbata ga Wanda Ya tsara wannan tafiya, har bawa mai rauni ya iya lissafa ta ba ta saɓa ba. Ni ilimin nan bai nisanta ni da Ubangijina ba. Ban taɓa jin ƙanƙantar kaina a gabanSa kamar ranar ba.

Muka tafi masallaci aka yi sallar husufi. Bayan an idar, limamin unguwarmu, Malam Isa, ya kira ni gaban mutane ya sa na yi bayani. Da na gama ya ce, "Wannan lissafi ne, irin wanda muke sanin lokutan salla da shi. Mai duba ɓoye hanyarsa yake yi. Shi kuwa wannan so yake kowa ya koya." Allah Ya saka masa da alheri. Sai dai ka ji abin mamaki: waɗanda suka ce ni maƙaryaci ne kafin ranar, su ne suka dawo suna cewa, "Ba mu faɗa muku ba? Ai ga shi abin da ya faɗa ya faru, aljanunsa ne suka gaya masa." To, ta ina mutum zai bi?

Na biyar: idon Buba.

Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Buba makiyayi ne, magidanci, rugarsu tana bayan Fammar, yakan kawo mini rediyonsa gyara ranar kasuwa. A ranar husufi yana daji da shanu, rediyon kuma yana rumfata. Babu wanda ya gaya masa komai. Da ya ga gari yana duhu, sai ya ɗaga kai ya zuba wa rana ido, ya daɗe yana kallo. Yanzu duk inda ya duba, akwai wani baƙin ɗigo a tsakiyar ganinsa. Ya zo ya same ni yana murza ido, ya ce, "Malam, in na kalli saniya ina ganin ƙafafu da bindi, amma tsakiya babu." Na raka shi asibitin ido a Kano. Likita ya ce wataƙila ya ragu a hankali, wataƙila kuma ya zauna.

Ba na cewa kai ka jawo masa, Allah Ya kiyaye, ƙaddara ta riga fata. Amma takardar da za ta iya isa rugarsu tana nan cikin kwamfuta ta biyu, a bayan kwaɗo, ba a buga ko ɗaya ba. 

Na shida, a taƙaice: na ji an ce wasu dattawa suna tsoron kwamfuta za ta ɓata tarbiyya. Ban ce babu gaskiya a ciki ba. Na zauna a kafe, na ga abin da wasu suke buɗewa, na kau da kai. Amma Alhaji, abin nan tafe yake ko mun so ko mun ƙi. Jiya-jiya mutum sai ya hau dutse yana ɗaga wayar salula sama kafin ya ji muryar ɗan'uwansa, yau ga ta a aljihun mai shayi. Ina da yaƙinin wata rana abin da yake cikin manyan akwatunan nan zai koma cikin waccan 'yar wayar, manomi ya san zuwan ruwa da ita, mai ciki ta ji shawarar likita tana ɗakinta. In mun kulle ɗaki a yau, ba mu hana abin zuwa ba. Mun dai hana kanmu sanin yadda za mu riƙe shi ne.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kamar haka.

A kira ni gaban kwamiti, tare da waɗanda suka kai ƙarata da Malam Isa, in kunna na'urar kowa ya ga abin da yake ciki.

In an tabbatar ba duba nake yi ba, ina roƙo ka faɗi haka da bakinka a majalisar da aka ɓata ni, don maganarka ce kaɗai za ta sa tsohuwata ta sake shiga taro da sakin fuska.

A buɗe aji. In ana so, a sa dattijo ɗaya ya riƙa zama da mu, makulli ma ya zauna a hannunsa. Ni murna zan yi, don na san ba zai yi mako biyu yana kallo ba zai ce a matsa masa kujera.

Na ƙarshe shi ne mafi gaggawa. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kuma kwanon ɗakin nan yana yoyo ta kusurwar taga, daidai kan teburin da na'urorin suke. Ni kaɗai na san haka, don ni nake tara bokiti. Ko da kwamiti ya yanke cewa kada in ƙara koyar da kowa, ko da ba za a wanke sunana ba, don Allah a ba ni minti goma da mai gadi a tsaye a kaina, in shiga in janye teburin nan. In ni ne ba a yarda da ni ba, a tura wani ya janye. Na'urorin nan na mutanen gari ne, ba nawa ba.

Allah Ya ja zamaninka, Ya ba ka lafiya da nisan kwana, Ya haɗa ka da mashawarta na gari, Ya sa ka gama da jama'a lafiya. Allah Ya ba Buba sauƙi, Ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Habibu mai gyaran rediyo,
Rurum Sabon Gari.