Farin Gari a Kan Wardi

Litinin, 8 ga Janairu

Wani farin abu ya kama wardin bakin ƙofar ofis, kamar an barbaɗa garin gero a kan ganyen. Shekara ashirin da biyu ina kula da lambun ma'aikatar nan ta Tawa, ban taɓa ganin irinsa ba. Madam Aminatou, sabuwar shugabarmu, ta tsaya ta duba. "Baba, in huren ga sun mace, pabe za mu shimhiɗa wa hilin duka." Dutse da siminti ke nan. Siminti ba ya neman mai ban ruwa, wannan ba sai an faɗa mini ba.

Laraba, 10 ga Janairu

Na ce gishirin ruwan famfo ne. Na bi ganyen ɗaya bayan ɗaya da tsumma. Kafin gari ya waye ya dawo.

Asabar, 13 ga Janairu

Isma'ila malamin gona ya zo a kan babur. Ya murza ganye a yatsa, ya shinshina. Ba gishiri ba ne, in ji shi, cuta ce dangin funfuna, raɓar safiya da cunkoson rassa ke jawo ta. A cire duk ganyen da ya yi fari a ƙone, a fesa farar wuta da sassafe, ruwa kuma a gindi kawai. Mutumin da yake rarrafe lokacin da na dasa wardin nan, yau shi ke koya mini. Na haɗiye, na karɓi ƙullin maganin.

Alhamis, 18 ga Janairu

Na cire, na ƙone, na fesa. Farin yana nan.

Alhamis, 25 ga Janairu

Ya bazu har layin bayan ofis. Kullum sai na cika bokiti da ganye, kullum sai na ga sabon fari. Maganin Isma'ila na banza ne, ko an haɗa shi da toka, oho. 'Yata Nasiratu ta ce na daina cin abinci. Gaskiya tsoro nake ji. Mutum mai shekara sittin da ɗaya, in an kore shi, ina zai nufa? Garinmu Affala? Gonar da na bar wa ƙanena tun kafin a haifi Nasiratu?

Litinin, 29 ga Janairu

Bokiti biyu yau. Wardin sun koma tsinke.

Juma'a, 2 ga Fabrairu

Isma'ila ya dawo kafin masallaci. Bai ko gaishe ni da kyau ba, ya durƙusa yana tona bokitin. Ya daɗe.

"Baba, wa ya ce ka cire waɗanga?"

Na ce shi ya ce, duk mai fari.

"Ganyen ga lahiya lau yake. Kore shar. Cutar ta tahi tun tuni."

Ya ɗaga ɗaya a gaban fuskata. Ga farin nan a kan ganyen. Ga shi a kan yatsunsa, ga shi a kan rigarsa. Sai na ga ya bar kallon ganyen, ya koma kallon idona. Ya tambaya tun yaushe nake gani dishi-dishi. Na ce ya kama girmansa, shi likitan ciyawa ne.

Ya ce ƙananan wardin wataƙila su tofo. Manyan guda uku, waɗanda na fara dasawa, da wuya. Da hannuna na tsige su, kwana ashirin ina yi, ina zagin magani.

Ban je masallaci ba. Na zauna kusa da bokitin.

Talata, 6 ga Fabrairu

Magina sun zo sun auna filin da igiya. Madam ba ta ce mini komai ba tukuna. Nasiratu ta raka ni har ƙofar ofis, wai hanyarta ce. Ta ce ɗaya daga cikin ƙananan ya fitar da toho ja, na ce na gani.

Nasiratu ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa. Hannuna ne ke ciwo.