Ba Sanyi Ba Ne, Nafisatu

Zuwa ga Nafisatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya a ƙasar da kike, Ya kuma sa ta same ki kafin gobe Alhamis. Mutanen gida duk lafiya lau. Yaranki sun wuni a nan jiya, sun ci sun sha, an mayar da su kafin magariba.

Kin ga sunanki a sama. Ni na rubuta shi da hannuna. Shekara talatin da takwas ke nan da aka raɗa miki shi ban taɓa furta shi ba, don ke ce 'yar fari, kuma haka muka tashi muka tarar: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. "Waccan" nake ce miki, da kika haihu na koma ce miki "uwar Bashir". Yau ga shi na ɗora shi a inda duk Katsina za ta gani. Dalili kuwa, kin kashe layinki, kin daina buɗe saƙon 'yan gida, amma na san wannan shafin da kike tallar atamfa da leshi ba kya iya awa biyu ba ki leƙa shi ba. Masu karantawa su yi ta karantawa, ba da su nake ba.

Kin ce mana sarin kaya za ki je. Shekaranjiya Litinin bayan la'asar ƙanwarki Maryam ta shigo ta zauna, ta kasa shan ruwan da na ba ta, sannan ta miƙo mini wayarta. Fom ne na wani asibiti, wanda kika tura mata ta duba miki Turancinsa. Za a ɗaga miki fatar fuska, a rage ta saman ido, a zuƙe kitse, a yanke fatar ciki a ɗame shi. Duka a barci ɗaya, wajen awa bakwai, gobe Alhamis. Sun ce miki haka ya fi sauƙi, jinya ɗaya, tafiya ɗaya.

Na sa gilashina na bi fom ɗin layi-layi. A shafi na biyu an tambaye ki ko jini ya taɓa daskare miki a jijiya. Kin sa a'a.

Ba ki yi ƙarya ba. Ƙaryar tawa ce, ke dai kin sa mata hannu.

Ki tuna jegon Bashir. Kin dawo gida wanka, nan Ƙofar Durɓi, aka sauke ki a ɗakin Inna Lami, ƙanwata da ta yaye ki ta riƙe ki, Allah Ya jiƙanta. Kwana tara da haihuwa ina tsakar gida ina tankaɗe, kika fito za ki kewaya, na ga kina jan ƙafar hagu. Ban ɗaga kai ba. Da kika shige na kira Inna na ba ta zare, na ce ta auno mini sha-raɓarki duka biyu, ta kuma taɓa ta ji ko da zafi. Ta dawo da zaren ta ƙulle shi wuri biyu. Ta hagu ta ɗara ta dama da yatsa uku, ga zafi rau.

Ni da na yi shekara da shekaru ina nas a ɗakin tiyata, ban tsaya jiran a faɗa mini ba. A ranar aka kai ki asibiti. Hoto ya nuna gudan jini ya daskare a babbar jijiyar ƙafar. Ni da likita muka yi maganar a baranda, da Turanci, ke kina ciki kina shayarwa. Na karɓi katin na jefa a jakata.

Inna ta tare ni ta ce me za ta gaya miki. Abin da ya kamata shi ne in ɗaga labulen nan in zauna a bakin gadonki in yi miki bayani, kamar yadda na sha yi wa matan da ko unguwarsu ban sani ba. Sai na hango surukanki jere a kan benci, na ji nauyin a ce Hajiya ta rikice a kan 'yar fari. Na ce wa Inna ta faɗa miki abin da zai kwantar miki da hankali. Ita kuwa baiwar Allah, duk ciwon da bai fito da jini ba, sanyi ne a wurinta. Ciwon gwiwa sanyi, ciwon mara sanyi, mura ma sanyi. Allurar da aka yi ta yi miki a fatar ciki, da ƙwayar da kika sha har wata shida, duk da wannan kalma ta ba ki su. Kullum ina jiyo ta daga ɗakina: "Tashi ki sha, maganin sanyi ne, kuma ki bar taka siminti ba takalmi." Maganin tsinka jini ne. Ina ji, ban taɓa gyara mata ba.

Sauran cikinki uku kuwa ta baya nake zagayawa. In samu abokan aikina a wurin awo in raɗa musu, su rubuta miki allurar, ke kina ɗauka duk mai ciki ake yi wa. Na riƙa ganin dabara ce nake yi, na tsare ki kuma na tsare kunyata. Ban taɓa kawo wa raina za ki je inda ban san kowa ba.

Bari in yi miki magana irin ta aiki. Ban ce ba a haɗa aikin fuska da na jiki a barci ɗaya ba. Ana yi, ana kuma tashi lafiya, idan jikin mutum ƙalau yake kuma likitoci sun san komai a kansa. Amma duk awar da aka ƙara kina kwance ba motsi, jinin ƙafa ƙara kwantawa yake yi. Ɗame ciki shi kansa yana cikin ayyukan da aka fi jin tsoron gudan jini a bayansu, don an matse cikin, jinin da ke dawowa daga ƙafafu bai samun sakewa, sannan mutum ya yi kwanaki yana tafiya a duƙe, in ma ya iya tafiyar. Wadda jini ya taɓa daskare mata kuwa, ba a jera ta layi ɗaya da sauran mata. Bayan wannan ga jirgi yana jiranki, awanni a zaune, ƙafa a lanƙwashe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, cikinki in an yanka shi, yana so a tsinka miki jini don kada ya daskare. Fuskarki in an ɗaga fatarta, ba ta son jini ya tsinke, don yana iya taruwa a ƙarƙashin fatar, a sake komawa da ke ɗakin tiyata. Kowane aiki na neman abin da ɗayan ba ya so, a jikin mace ɗaya, rana ɗaya. Likitan da ya san tarihinki zai zauna ya auna. Wataƙila ya raba aikin ya sa watanni a tsakani, wataƙila ya ce ɗaya kawai zai yi, wataƙila ma ya ce ba zai taɓa ki ba. Naki bai sani ba, takardar da ke gabansa ta ce masa a'a.

Akwai wata mata da ban taɓa ba kowa labarinta a gida ba. An yi mata doguwar tiyata, aiki ya yi kyau, ɗinki tsaf. Kwana na uku da hantsi ta ce in riƙe ta ta je ta yi alwala, ta gaji da taimama. Tana tsokanata wai na cika faɗa, muna dariya. Taku huɗu ta yi ta dafe ƙirji ta ce, "Sista, numfashina." Gudan jini ne ya taso daga ƙafa ya toshe huhu. Duk abin da ake yi mun yi. Butarta na nan cike a bakin ƙofa har 'yan'uwanta suka zo kwashe kaya. Ba ta kai shekarunki ba.

To da na gama karanta fom ɗinki, kin san abin da na yi? Sake aike na yi. Wallahi in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Na ce wa Maryam ta kira ki ta gaya miki. Amsarki ta dawo ta bakinta, wai a ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, sanyi ne, ya wuce tun zamanin Inna, kuma wa ya ce a nuna mini. Daga nan kika kashe layinki. Jiya na tura Maryam gidanki GRA wajen mijinki, ya ce ai an yi miki gwaje-gwaje, an ce komai lafiya. Haba, gwajin yau ina zai san abin da ya faru shekara goma sha shida da suka wuce? Irin wannan tarihi, mai shi ne ke faɗa da bakinsa. Yanzu shi ma hankalinsa ya tashi, yana ta kira bai samu. Kwana biyu na ɓata ina neman wanda zai yi magana a madadina, saura kwana ɗaya.

To ga shi daga bakina, ba aike. Ba sanyi ba ne, Nafisatu, gudan jini ne. Katin yana cikin akwatina tun ranar, na ɗauki hotonsa na tura miki ta saƙo, ki daure ki buɗe. Kafin ki bari a tsira miki allura ko ɗaya, ki nemi likitan da zai sa ki barci, shi kansa, ba matar da ke karɓar baƙi ba, ba wanda ya haɗa ki da su ba. Ki nuna masa katin. Ki ce masa jini ya taɓa daskare miki a ƙafar hagu bayan haihuwa, kin sha maganin tsinka jini wata shida, kuma an yi miki allurarsa a kowane ciki bayan nan. In kina shan ƙwayar tazarar haihuwa ita ma ki faɗa, kin ga yau har wannan na taɓo. Ki tambaye shi ko da ƙanwarsa ce a kwance zai haɗa mata ayyukan nan. In ya ji duk wannan ya yi murmushi ya ce ba komai, ki ɗauki jakarki ki fita.

Ban hana ki gyara ba. Na ga abin da marasa kunya ke rubuta miki a ƙasan hotunanki, wai Hajiya tsufa ya fara leƙowa, wai a rage tuwon dare. Eh, ina kallo. Duk bidiyon da kika ɗora kina warware leshi sai na shiga ɗaki na rage murya na kalle shi, wani har sau uku. Cikin nan da kike ta ɓoyewa da mayafi mutum huɗu ya ɗauka, kuma na san yadda na huɗun ya zo. Layin da ke gefen bakinki irin na mahaifinki ne, shi ma a shekarun nan ya fito masa. Tun kina zanen goyo ke kyakkyawa ce. Mutane na faɗa ina kawar da kai ina cewa ina kyau a wannan mai ƙaton goshin. Ban taɓa gaya miki gaskiya ba, ko ranar aurenki. Ban sani ba, ko da na faɗa da yanzu kina gida. Tun Litinin wannan tunanin ya hana abinci wuce mini.

Na san abin da na yi miki yau. Na tona miki asiri a gaban masu sayen kayanki, da dangin mijinki, da matan da dama jira suke su ji wani abu a kanki. Gobe war haka babu gidan suna a garin nan da ba za a ɗauko zancenki ba, ni ma za a ce tsohuwa ta zubar da girmanta. Na auna wannan da ranki, ban daɗe ina aunawa ba. Ki dawo ki yi fushi da ni. Ki hana yara zuwa, ki riƙa wucewa ta ƙofar gidan nan a mota ba ki tsaya ba, shekara nawa kika ga dama. Zan leƙo ta zaure in ga wucewarki, ya ishe ni.

Tsoro nake ji, 'yata, irin wanda ban taɓa ji ba. Wayata na hannuna, na ƙure mata ƙara. Ba sai kin yi mini magana ba. Ki kira sau ɗaya ki katse, zan gane kin karanta.

Allah Ya sa idonki ya faɗa kan wannan takarda kafin a tura ki ɗakin tiyata. Allah Ya haɗa ki da likita mai saurare, Ya tsare miki jininki a kan hanyarsa, Ya dawo mini da ke a kan ƙafafunki. Ni kuma Ya yafe mini shirun da na yi. Amin.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hajiya Rakiya,
Ƙofar Durɓi, Katsina.